Cibiyar Usaina

Matsango, Azare
Ranar Talata

Zuwa ga Adda Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata Ummi. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau, sai jikin Baba da yake yadda kika bar shi: hannun dama da ƙafar ba sa motsi, maganar ma ba ta dawo ba.

Adda, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shekara biyar ke nan. Ba zan iya faɗa a wayar Inna ba, don tana tsaye a kaina duk lokacin da kika kira, kuma kin san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane. Shi ya sa na rubuta na ba Iya Ya Gana mai turaren wuta, tunda tana zuwa Itas duk mako.

Ni na lotsa cibiyar Usaina.

Na san za ki yi dariya ki ce wace Usainar. Sifikokin garmahon Baba nake nufi, manyan nan biyu na katako da ke ɗakinsa, waɗanda ya saya yana saurayi a hannun wani malamin kwaleji ɗan Indiya da zai koma gida. Ta dama Hassana, ta hagu Usaina, kamar yadda ya raɗa musu. Ina aji uku, wata rana ya tafi masallaci ya bar ni ina goge su. Na ja yadin da ke rufe fuskar Usaina, sai ya cire gaba ɗaya da ƙaramin katakonsa. A ciki na ga abin nan da Baba ke kira ƙwarya, baƙar takarda mai zurfi wadda ke rawa in ana kiɗa. A tsakiyarta akwai ɗan tudu kamar rabin ƙwai, shi ne cibiyar. Na sa ɗan yatsa na taɓa don in ji ko tauri gare shi. Sai ya lotsa, bai dawo ba. Na mayar da yadin na gudu bayan rumbu na yi ta kuka. Na jira duka har na gaji, ba wanda ya ce komai. Tun daga ranar, duk Asabar in ina shara sai na leƙa in ga ko ta warke da kanta. Ba ta taɓa warkewa ba.

Ga dalilin da ya sa nake gaya miki yanzu. Bayan tafiyarki soson da ke gefen ƙwaryar ya fara ruɓewa, Usaina ta soma zuza kamar ƙuda a kwalba. Alhaji Babakura, abokin Baba na sauraren faya-fayai, ya ce a ba shi su biyun ya kai a canza soson. Inna ta yi ta godiya. Suka yi mako uku a wurinsa, ran Juma'a aka dawo da su.

Ran Asabar na leƙa kamar kullum. Adda, cibiyar lafiyarta ƙalau. Ba lotsawa, ba ko alamarta.

Na kasa cin abinci. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki gaida mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Saudatu


Matsango, Azare
Ranar Laraba

Adda Juwairiyya,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya Ummi da tarin nata? Na sami takardarki da ƙuli-ƙulin, na gode ƙwarai. Na gode kuma da ba ki yi mini faɗa ba.

Kin ce maigidanki ya ce masu gyara suna iya jawo cibiya ta dawo da salatif, don haka in kwantar da hankalina. Ni ma na so haka ne. Na kwana biyu ina gaya wa kaina haka. Amma bari in faɗa miki abin da na lura da shi, ki auna da kanki.

Na farko nauyi. Ni ke matsar da su in share ƙarƙashi tun ina ƙarama. Da sai na jingina ƙirjina na tura da ƙarfi. Yanzu da hannu ɗaya nake karkata Hassana. Baba ya taɓa gaya mini nauyin na maganaɗisun da ke bayan ƙwarya ne, wai na da ba irin na yanzu ba ne. Shin canza soso yana rage wa maganaɗisu nauyi?

Kusoshin da suka riƙe ƙwaryar kuma, da baƙaƙe ne masu tsatsa a kai. Yanzu biyu daga ciki farare ne sababbi, kuma akwai ƙananan ramuka a katakon da babu komai a cikinsu.

Amma babban abin shi ne Baba. Kin san faifan nan na mai kukuma da yake so. Kin san yadda yake ɗaga yatsa ya ce mu yi shiru mu ji, wai ga shi nan zai ja numfashi, sai kuwa a ji mawaƙin ya ja numfashi kafin ya ɗauko baiti, kamar yana zaune a kan tabarmarmu. Ko bayan ciwon, in na sa masa faifan yakan ɗaga yatsan hagu daidai wurin. Ran Lahadi da aka kawo wuta na sa masa. Muka zo wurin, ba numfashi. Kiɗan yana da ƙara, ya fi na da ƙara ma, amma mutumin ba ya ɗakin. Baba ya ɗaga yatsa, ya riƙe shi a sama, sannan ya sauke. Ya juya fuskarsa bango. Tun ranar in na nufi garmahon sai ya girgiza kai. Kununsa ma rabi yake sha.

Inna ta ce jikin ne ke ƙara nauyi. Na daure na ce mata ni ina ganin sifikokin ne ba daidai ba. Ta ce in rufa mata asiri, yarinyar da jiya-jiya ta gama firamare me ta sani a kan kayan wuta. Ta tuna mini wane ne ke zuwa da motarsa duk Alhamis ya kai Baba gashin jiki a babban asibiti, ya jira shi, ya dawo da shi. Ta ce in ta sake jin wannan magana a bakina sai ta saɓa mini.

Gaskiyarta, Adda. Alhaji da kansa yake ɗaukar Baba ya sa a mota. Na ga yana goge masa baki da hankicinsa. Shi ya sa nake jin kunyar abin da ke raina.

Amma ina tuna zaman Asabar. Ke kina ɗaki lokacin, ni ce mai kai shayi, kuma ba wanda ke lura da ni. Su uku ne kullum bayan la'asar: Baba, Alhaji, da Oga Azubuike mai shagon kayan wuta a kasuwa, da faya-fayan garinsu a leda. Musunsu ɗaya ne ba ya ƙarewa. Oga ya ce na Japan sun fi duka, don ganga tana dukan ƙirji. Alhaji ya ce na Amurka, shi da ke da har kala huɗu a falonsa. Baba ya yi murmushi ya ce su gama surutunsu, na Ingila ba sa ihu, magana suke yi. Sai ya sa faifai, kowa ya yi tsit. In an gama, Alhaji yakan shafa kan Usaina ya ce, Malam Abdulmumini, ka aura mini tagwayen nan mana. Baba ya ce ba su isa aure ba. Sau nawa na ji wannan, ban san iyaka ba.

Sai dai ba Alhaji kaɗai nake zargi ba. Shi ba ya gyara da hannunsa. Wa ya kai wa? A duk Azare wa ke da sababbin ƙore irin waɗannan in ba Oga Azubuike ba? Kuma tun da aka dawo da su bai zo duba Baba ba. Wataƙila an cuci Alhajin ne shi ma bai sani ba. Har Inna na kalla jiya tana tankaɗe, na ce ko ta san wani abu ne take hana ni magana. Allah ya yafe mini. Kowa na gani yanzu sai in ga kamar yana ɓoye wani abu.

Ki yi mini addu'a.

Taki,
Saudatu


Matsango, Azare
Ranar Litinin

Adda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafafun sun sace. Inna ta ce ki rage gishiri.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Inna ta aike ni kasuwa sayen kuka da daddawa, sai na bi ta layin masu kayan wuta. Sau uku na wuce shagon Oga Azubuike ban tsaya ba. A na huɗu shi ya kira ni, ya ce 'yar Malam, ko hanya ce ta ɓace miki. Ya ba ni kujera, ya tambayi jikin Baba. Ya ce ya je garinsu bikin binne yayarsa, shekaranjiya ya dawo, wata guda ba ya nan. Kin ji dalilin rashin zuwansa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ban iya yi masa bayani ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, numfashin mai kukuma ya ɓata. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya kashe rediyon shagon, ya ce in sake faɗa. Na gaya masa na nauyin, da na kusoshin. Na cibiyar ne ban faɗa ba.

Sannan ya ce shi baƙo ne a garin nan ko da ya shekara talatin, kuma Alhaji abokinsa ne, ba zai ce ga abin da ya faru ba tunda bai gani ba. Amma ya ce kafin tafiyarsa Alhaji ya sayi sababbin ƙore biyu a wurinsa, masu faɗin na Baba daidai, ya ce na masallacin unguwarsu ne. Ya ce har ya yi mamaki a ransa, don masallaci ba irin waɗannan yake so ba.

Na tambaye shi ko mai gyara zai iya jawo cibiyar da ta lotsa. Ya dube ni sosai, ina jin ya gane, amma bai tambaya ba. Ya ce mai gyaran rediyo na bakin titi zai jawo. Amma masu son tsofaffin kaya irinsu Baba da Alhaji ba sa taɓawa, don takardar ta tsufa, in ta yage ba a samun irinta ko a Legas. Gara su bar ta da tabonta. Ya ce su wannan ciwon nasu haka yake, mutum zai iya hana kansa abinci amma ba zai iya hana kansa jin sautin da ya shiga ransa ba.

Da zan tafi ya ba ni lemo biyu in kai wa Baba, ya ce kunnena na ubana ne.

Yanzu saura mutum ɗaya a zargina, kuma shi ne wanda ban so ya zama shi ba. Ran Alhamis da ya zo na kasa gaishe shi da kyau. Ya tambayi Baba yaya tagwaye, an ji daɗin gyara? Baba ya rufe ido. Alhaji ya ce wa Inna, Allah sarki, ciwon nan har kunne yake taɓawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takalman Baba.

Amma har yanzu ban ga komai da idona ba. Zato ne kawai.

Ƙanwarki,
Saudatu


Matsango, Azare
Ranar Asabar

Adda Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida kowa. Yi haƙuri da rubutun, sauri nake kafin Iya Ya Gana ta wuce.

Na gani.

'Yar Alhaji ta haihu, jiya aka yi suna. Ran Laraba da hantsi Inna ta tura ni in taya Hajiya matarsa aiki. Ina tsakar gida ina gyaran shinkafa sai na ji kiɗa daga falon Alhaji, a hankali, ƙofa a rufe. Ba faifan Baba ba ne, wata mata ce ke waƙa da kiɗan ƙwarya. Amma na ji ta haɗiye yawu tsakanin baiti da baiti. Na zubar da shinkafa a ƙasa har Hajiya ta ce ko bacci nake.

Da Alhaji ya fita sayen rago, Hajiya ta miƙo mini tsintsiya da tsumma ta ce in share falon, tunda ni 'yar gidan masu sifika ce, na san yadda ake lallaɓa su, yaranta ba a barinsu su shiga. Da hannunta ta buɗe mini.

Sifikokinsa na Amurka duk an tura su gefe an rufe da zani. A tsakiya, daidai gaban kujerarsa, akwai sababbin akwatuna biyu, aikin kafinta, har warin fenti suke yi. Na ce a raina in na buɗe ban ga komai ba, na yi wa bawan Allah mummunan zato kuma sai na nemi gafararsa. Wallahi haka na fi so.

Na fara da ta dama. Tsohuwar ƙwarya ce, da sabon soso a gefe, an yi aikin da kyau. Na je ta hagu na ja yadin.

Ga ta nan, Adda. Lotsawar tana ɓangaren sama, ta ɗan karkata hagu, daidai girman yatsana na lokacin da nake shekara takwas. Na sa yatsana kusa da ita ban taɓa ba. Yanzu ya fi ta girma.

Na mayar da yadin, na share falon tas, na fito na ci gaba da shinkafa. Da Alhaji ya dawo ya ba ni naira ɗari biyu ya ce in hau keke napep kada in taka da rana. Na karɓa na ce na gode. Ban san yadda zan ƙi ba.

Abin da ke damuna shi ne wa zai yarda. In na ce na gane ta da tabo, za a ce wane tabo, wa ya san da shi? Ni kaɗai. Sai in fara tona kaina, sannan a ce yarinyar da ta ɓoye laifi shekara biyar ita ce za ta kira dattijo ɓarawo. Kuma in ya yi fushi ya daina zuwa ran Alhamis fa? Likita ya ce gashin nan ne ya sa yatsun ƙafar suka fara motsi.

Kada ki taso saboda wannan, kin ji halin da kike ciki.

Saudatu


Matsango, Azare
Ranar Laraba

Zuwa ga Addata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya Ummi? Na karanta takardarki sau uku. Kin ce in bar wa Allah, lafiyar Baba ta fi katako da takarda. Na fahimce ki, kuma ban ji haushi ba. Amma Baba bai gama kofin kunu ko sau ɗaya ba tun da abin nan ya faru, kuma ni ke ba shi.

Jiya da safe Inna ta tafi gaisuwar rasuwa Dagauda. Na zauna kusa da shi da kofin, na kasa ɗaga cokali. Sai kawai na fara. Na gaya masa ranar da ya tafi masallaci ya bar ni da tsumma. Na gaya masa komai har bayan rumbu. Kaina a ƙasa, ban dube shi ba.

Sai na ji gadon yana girgiza. Na zaci wani abu ne ya same shi. Ashe dariya yake, da rabin bakinsa, har hawaye. Ya kamo tafin hannuna da hannun hagu, ya danna babban yatsansa a tsakiya. Sannan ya yi ta nuna durowar da ke ƙarƙashin garmaho har na gane. Littafinsa ne mai baƙin bango, wanda yake rubuta sunayen faya-fayai da ranar da ya canza allura. Na riƙa buɗe masa shafi-shafi har ya dafa wani. Ga abin da ke ciki da rubutunsa, na kwafo miki:

Yau na tarar an lotsa cibiyar Usaina ta sama. Ɗan yatsa ne ƙarami. Saudatu ta ƙi cin tuwo. Sauti bai canza ba. Ba zan gyara ba, ba zan tambaye ta ba, sai ranar da ta faɗa da kanta.

Adda, na yi kuka fiye da na bayan rumbu.

Da na natsu na gaya masa abin da na gani a falon Alhaji. Bai yi mamaki ba. Ina jin ya sani tun ranar da ya ɗaga yatsa bai ji komai ba, bakin faɗa ne babu. Wata guda yana kwance yana jin ana cewa kunnensa ya mutu.

Na tambaye shi ko in tara Oga Azubuike da liman a faɗa a gabansu. Ya girgiza kai da ƙarfi. Na tambaye shi ko in yi shiru saboda Alhamis. Ya sake girgiza kai. Daga nan ya rufe ido, ya bar ni da sauran.

Ga abin da na yi. Na ɗauko sukundirebansa mai jan mariƙi. Na kwantar da Hassana a kan tabarma yadda na sha ganin yana yi, na kwance kusoshin, na zare wayoyi biyun a hankali, na ciro sabuwar ƙwaryar. Na yi wa Usaina haka. Ban fasa komai ba. Na naɗe su a tsohon zanina na sa a buhu. Na kwafi shafin Baba a takarda mai kyau, da kwanan watan, na rubuta a ƙasa: Alhaji, ni ce mai yatsan. Baba yana jin komai. Ba wanda ya sani sai mu uku. Na ninke ɗari biyunsa a ciki.

Akwatunan na mayar da su wurinsu, ban rufe fuskarsu ba. Ramuka biyu suna kallon ƙofa. Da Inna ta dawo ta gani ta buɗe baki za ta fara, sai Baba ya buga gefen gado da hannu, ya nuna ƙirjinsa, wato shi ya sa. Ta juya ta fita. Da yamma ya shanye kununsa har ya nemi ƙari.

Gobe Alhamis. In Alhaji ya shigo ɗaukar Baba zai ga ramukan. Ba zan ce masa komai a gaban Inna ba. Zan riƙe takalman Baba kamar kullum in bi su har mota, in ajiye buhun a kujerar gaba, in miƙa masa takardar hannu da hannu. Na yi niyyar in dube shi a ido lokacin.

Ban san abin da zai yi ba. In ya daina zuwa, na riga na tambayi mai keke napep na bakin layinmu, ya ce Baba zai shiga in an tallafe shi ta hagu, kuma na gwada ɗaga shi jiya na iya. In kuma ya dawo da su, ba zan taɓa gaya wa kowa ba bayan ke, zan ci gaba da kai masa shayi ran Asabar. Kusoshin na asali guda shida na nan na adana a gwangwanin allura, na goge musu tsatsa.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Ummi. Ki ƙona wannan takardar in kin karanta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saudatu Abdulmumini